Shuɗin da Malam Haladu Bai Ɗauka Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai aminina Malam Haladu makwancinsa a Gwarzo, ya bar mini aikin da bai ƙarasa ba.

Tare muka tashi. Ni fatauci ya kai ni Agadas da Kumasi, daga baya Jidda da Jamus. Shi ya zauna yana koyar da kimiyya. A gonarsa ta wajen Masanawa yake kafa madubin hangen nesa, yana ɗaukar hoton wani gajimare mai haske can cikin taurari, arewa da Kaza da 'Ya'yanta. Kyamararsa baƙi da fari kawai take gani. Sirrin yana cikin wasu ƙananan gilasai uku da na kawo masa tsaraba. Kowanne yana tare duk wani haske, ya bar siririn hasken sinadari guda ya wuce: farar wuta, haidurojin, oksijin. Sai a ba hotunan uku ja da kore da shuɗi, a haɗa su.

Ya gama biyu. Na ukun, wato na shuɗin, shi ne mai wuya, don haskensa ba shi da ƙarfi. Ba ya ɗaukuwa sai bayan damina, kuma a kwanakin da babu wata. Na ce masa a Jamus na ga masu ƙara shuɗin da kwamfuta. Ya ce, "Alhaji, duk yawonka, a wace ƙasa ka ga an ba da shaida kan abin da ba a gani ba?" Ciwo ya kwantar da shi kafin a yanke gero.

Kaka shida ina gwadawa. Wata shekarar hadari, wata shekarar rawar hannuna.

Bana aka ce za a kafa fitilun sola a hanyar da ta bi ta bakin gonar. Irin fitilun titi na da, masu ruwan ɗorawa, gilashin yana iya tare su. Waɗannan fararen kuwa suna kutsawa su binne shuɗin. Na ga yadda Jidda ta rasa taurarinta. Na san in an kunna, an gama.

'Yarsa Rabi, ungozoma, ita ta kawo mini takardar neman amincewar dattawa.

Na ce, "Rabi, hoton babanki fa?"

"Baba, babana ya rasu. Ni ce nake bin hanyar nan in an kira ni haihuwa. Sau biyu ɓata-gari suna tare matan garin nan a duhunta."

Me Haladu zai ce? Na daɗe ina juya alƙalamin. Mutumin da ya ƙi yi wa gajimare ƙarya ba zai bar 'yarsa cikin duhu saboda hoto ba. Na sa hannu.

Ana haƙa ramukan turaku, ni ina ƙirga kwanakin wata. Dare huɗu suka rage mini. Biyu hadari ya cinye. A na uku na manta ban sake daidaita madubin ba bayan sauya gilashi, komai ya fito dishi-dishi. Na huɗu ya yi.

Da na haɗa shi da hotuna biyun Haladu, shuɗin ya fito ɗan siriri a gefe guda, sai an ƙura ido. Rabi ta daɗe tana dubawa.

"Shi ke nan, Baba?"

"Iyakar abin da aka gani ke nan."

"To, kar a ƙara masa komai."

Yanzu gonar tar take da haske, gilasan sun koma akwati. A da ina zaton hoton ne gadon Haladu. Ranar nan na ji gadon a bakin 'yarsa. Allah Ya haskaka kabarinsa.