Dokin Da Bai Shiga Rabon Gado Ba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnenku, labarin ba mai tsawo ba ne.

Akwai wani allon katako a ɗakina, faɗinsa bai fi faifai ba, an zana farin doki a jikinsa da fenti mai maiƙo. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba. Mahayinsa kuwa ba a gama shi ba: ga takalmi, ga hannu riƙe da linzami, fuska babu.

Wani Bature likitan dabbobi ne ya zo da shi Gusau. Da zai koma gida ya bar wa kukunsa, mutumin Tsafe. Kukun ya ba mijina, saboda mijin nawa ya yi masa jinyar jaki har ya tashi. Surukata a Bungudu ta so a sa shi a murhu, sai ta ƙara dubawa ta ce, "Marar fuska ai ba mutum ba ne, ku bar shi."

Da maigida ya rasu, malamin da ya zo rabon gado ya raba gona da gida, har buta. Aka miƙa masa allon, ya kau da kai. "Hoto ba dukiya ba ne. Mai so ya ɗauka." Cikin 'ya'yana maza biyu babu wanda ya motsa. Na naɗe shi a zane na taho da shi Tudun Wada. In na idar da la'asar, ba mai shigowa, shi nake kallo.

Bara jikata mai karatun jami'a ta ɗauke shi a waya ta tura wa masana. Suka ce zanen gwaji ne na tsohon zamani, irin na mutanen Filandas a ƙasar Beljiyam, ko hannun wani babban gwani ko na ɗalibinsa. Suna son jin hannuwan da ya bi. Na jero musu har zuwa kan Baturen, daga nan ban san komai ba. Suka ce to sai an aika musu allon sun gani.

Da aka ji allon zai iya yin kuɗi, nan da nan gidana ya cika da 'ya'yana, har da tsarabar tsire.

"Inna," in ji babban ɗana, "rufinki na yoyo, kayan Baba za su lalace."

"Kayan Baba? Ranar rabo ina bakinka yake?"

Ƙaramin ya yi dariya. "Yaya, ta kama ka."

Suka je wa malamin, ya tsufa ƙwarai. Ya ce, "Na wadda ta ɗauka ne." Ni kuma na ce ba ya fita ɗakina ina raye.

Da allon bai je musu ba, masanan suka rubuta cewa ba a san mai zanen ba. Malamin ya rasu da damina. Kukun ya daɗe a ƙasa, Baturen kuwa Allah kaɗai ya san ƙarshensa. Jikata ta yi aure a Damba. Babban ɗana yanzu saƙon gaisuwa yake aikowa, ƙaramin sai ranar Sallah. Ni ina nan, rufin bai daina yoyo ba, na matsar da allon gefen gadona.