Baba Mai Benci da Ƙaramar Ƙofa

Kafin ƙarfe shida na safe Baba Mai Benci ya riga ya share gaban ƙaramar ƙofar jami'a, ya yayyafa ruwa, ya jingina bencinsa da bango, sannan ya zare sakata. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana gadin wannan ƙofa da ke tsakanin jami'a da unguwar bayanta, ƙofar da a da mutum biyu ba sa wucewa a jere sai ɗaya ya karkace. Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ya huta, kuma bai kamata a bar shi ya tafi shiru ba.

Ta nan ɗaliban da ba su sami ɗaki a cikin jami'a ba suke shigowa daga gidajen haya. Ta nan matan unguwa ke bi zuwa ɗakin shan magani, 'yan firamare kuma su yanke zuwa makarantarsu. Duk ya san su. Ɗalibi ko jiya ya zo, Baba da sunan abin da yake karantawa zai kira shi. "Lauya, yau ma ka makara? To ka sani, in ka faɗi jarrabawa ni ka kunyata, don ni na raɗa maka suna."

Da ɗalibai suka yi yawa, har wasu a kan taga suke ɗaukar darasi, jami'a ta fara faɗaɗa. Abin alheri ne, kowa ya shaida. Amma layin gidajen farko na unguwa aka rushe don a gina ɗakunan kwana, kuma gidan Baba na ciki. Aka ba su fili can bayan gari. Ya kwashe iyalinsa ranar Asabar, ranar Litinin ya zare sakata a kan lokaci.

Sai zanen sabuwar katanga ya fito, babu ƙaramar ƙofa a jiki. Duk mai son shiga sai ya zaga ta babbar ƙofa, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Ɗalibai suka rubuta takarda, shiru. Dattawan unguwa suka je ofis, aka ba su kujera da haƙuri.

Ranar da injiniyar aikin, wata matashiya, ta zo awo, Baba ya miƙe ya gaishe ta.

"Baba, na san abin da za ka ce," in ji ta. "Zane ya riga ya fito, kuma ba ni na yi shi ba."

"Na sani, 'yata. Ni ko an ba ni zanen ma a juye zan riƙe shi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe ki zo ki zauna a bencin nan daga shida zuwa takwas. Ba zan ce miki komai ba."

Ta zo, ya kuwa cika alkawari. Gaisuwarsa kawai ya yi kamar kullum. "Inna, yau ne wankin ciwon ƙafar? Taka a hankali." "Likita, ina ɗayan sandar taki, an gyara ta?" Injiniya ta ɗaga kai ta ga ɗalibar da ake cewa Likita tana dogara sanda ɗaya, ta karkace ta shige. Bayanta wata uwa da goyo, jikin jaririn zafi rau. Ƙarfe takwas ya yi injiniya ba ta tashi ba. Washegari ta dawo ba wanda ya gayyace ta, haka ma rana ta uku. Gani ya kori ji. Ita da kanta ta sake zanen, sau biyu ana mayar mata da shi kafin a sa hannu.

Yau katanga ta tashi, ƙofa na nan, har an faɗaɗa ta yadda keken guragu zai wuce. Shi kuwa wanda ya yi dalili, ƙofar ba ta rage masa ko taku ɗaya ba. Mota biyu yake hawa daga sabon gidansa kafin ya iso. Wannan ne ke sosa mini rai duk lokacin da na wuce ta wurin.

Kai ne, Baba, ka rasa gidanka ba ka bari unguwa ta rasa hanyarta ba. Kai ne ba ka ɗaga murya ba, ka bar benci ya yi maka magana. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar hutu. Masu zane a ofis kuma, da mu da ke wucewa ba sannu, mu ɗauki darasi: kafin a ja layi a takarda, a je a ga waɗanda layin zai ratsa ta kansu.

Jiya sabon mai gadi ya tambaye shi ko a ɗora masa bencinsa a mota ranar tafiya. Baba ya girgiza kai.

"Bar shi a nan, ɗana. Jami'a ba ta gama girma ba. In wani ya sake zuwa da zane, ka share masa wuri ya zauna."