Mama Roda a Bencin Horo

Duk wanda ya taɓa sayen masa a bakin Kasuwar Muda Lawal ya san Mama Roda, ya kuma san ba a kawo mata wargi. Daga Bogoro ta zo Bauchi tana amarya. Mijinta ya rasu ya bar ta da tandar masa da 'ya ɗaya, Christiana. A coci ita ce shugabar zumuntar mata, in ta harare ki a tsakiyar waƙa sai baitin ya ɓace miki. Ni maƙwabciyarta ce, kuma da girmana da komai tsoronta nake ji.

Shi ya sa hankalina ya tashi ranar da Christiana ta shigo ɗakina, ta ce ciki gare ta. Sojan barikin Shadawanka da ya yi mata alkawarin aure an ɗauke shi daga Bauchi, ko sallama bai yi ba.

"Anti, Mama za ta kore ni," ta ce. "Ina za ni?"

Ni na raka ta ta faɗa. Mama Roda tana juya masa, ko kai ba ta ɗago ba. Da ma ta yi faɗa, da mun samu sauƙi. Har Lahadi ba ta ce da yarinyar uffan ba. Christiana ta ƙulle kayanta a zani tana jiran a nuna mata ƙofa.

A cocinmu, mai irin wannan laifi akan kira sunansa gaban jama'a a sa shi a horo. Sai ya koma bencin can baya shi kaɗai, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, har ranar da dattawa suka karɓe shi. Ranar Lahadin, Fasto ya kira sunan Christiana. Ta wuce ta gefena tana dafa bango, ta zauna.

Sai Mama Roda ta miƙe daga sahun gaba, cikin zanin zumunta. Mai buga tulun kiɗa ta tsaya cak. Na ce shi ke nan, a gaban kowa za ta sallama ta. Tana tafe a hankali, na kasa ko addu'a. Da ta iso, Christiana ta kare fuska da hannu.

"Matsa," in ji Mama Roda.

Ta zauna, ta jawo kan yarinyar ta ɗora a kafaɗarta. An sha yi mana wa'azin alherin Allah, wanda ba cancantarsa ake yi ba, ni kuwa ina gyangyaɗi. Ranar kuka na yi har da majina.

Ina kusa, na ji Christiana ta ce cikin shessheka, "Mama, ki tashi, ana kallonki. Bencin nan ba naki ba ne."

"Na sani," in ji Mama Roda. "Gicciyen ma ai ba na Yesu ba ne, amma ya ɗauka."