Tafi Ɗaya na Garin Alkama

Duk sanda na ji ƙamshin gyaɗa cikin man shanu mai zafi, sai in tuna hawa na huɗu a Vaulx-en-Velin ta ƙasar Faransa, ina 'yar shekara tara, tsakanin mata biyu da ba sa jin yaren juna.

Ɗaya kakata ce, da ta zo daga Maradi ganin likitan ido. Ɗayar maƙwabciyarmu ce, 'yar Indiya daga Gujarat, wadda nake zama wurinta in na taso lakwal, wato makaranta, kafin innata ta dawo aiki. Ni ce tafintarsu.

Kaka ba ta yarda da ita ba ko kaɗan. Lokacin da ganyen itatuwa ya fara zuba, matar ta ce tana azumin kwana tara, tana roƙa wa mijinta da ke kwance asibiti lafiya. Amma kullum tukunyarta na kan wuta.

"Azumi da cokali a hannu?" in ji Kaka. "Me take ba ki ma?"

Na ce a azuminsu ana ci, sai dai ba shinkafa, ba alkama, ba albasa. Taliya take yi da garin ƙwayar alayyahu.

"Alayyahu ganye ne. Wa ya taɓa niƙa shi?"

Ranar bakwai ga azumin Kaka ta yafa mayafi ta bi ni gidan matar, wai sai ta gani da idonta, idon da ko zare ba ya iya sa wa allura. Ta shinshina garin, ta lashi gishirin dutsen da matar ke girkin azumi da shi, ta leƙa kowane gwangwani. Matar ta kwaɓa garin da dafaffen dankali, tana matsa shi ta wani ɗan injin tagulla cikin tafasasshen ruwa, taliyar kuwa sai gutsuttsurewa take. Ana haka waya ta yi ƙara, daga asibiti, matar ta fita da gudu.

Kaka ta taɓa sauran ƙullun ta yi tsaki. Ta laluba gwangwanin garin alkama, ta zuba tafi ɗaya, ta murje.

"Baiwar Allah tana cikin damuwa," ta ce. "A taimake ta."

Na san haramun ne a wurin matar, amma na ƙyale Kaka.

Da matar ta dawo ta matsa ƙullun, taliya ta fito zara-zara. Matar ta soya ta da gyaɗa da ɗanyen barkono, ta matsa lemun tsami, ta kai loma biyu. Sai ta daina tauna. Ta ɗaga sili ɗaya, ta ja shi, ya ƙi tsinkewa. Ba ta kalli Kaka ba, ni ta kalla.

"An sa wani abu?"

Na ce a'a. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ture kwanon.

Yau garin alayyahun nan yana shagon unguwarmu, har ina dafa wa 'ya'yana, kuma ba mai mamaki. Amma kunyar ba ta sake ni ba. Azumin kwana tara ne, ni kuwa na ƙirga ƙamshin gyaɗarta kwana goma sha shida. Ta koma ta faro daga ranar farko, kuma ko sau ɗaya ba ta hana ni shiga ɗakin girkinta ba.