Muryar da Aka Ara wa Nwabueze

To gyara zama ka rubuta, kuma yadda na faɗa haka za ka sa. Sunansa Nwabueze, amma telolin Fagge tun da can suka yanke masa shi, suka bar Eze.

Gyaran keken ɗinki ne aikinsa. Shekara arba'in da wani abu, kullum da safe zai taso daga Sabon Gari da jakar fata a rataye, sukundireba da filaya da kwalbar mai a ciki, ya tsallako titi ya shigo Fagge yana bin shaguna. Ba sai an kira shi ba. Yana cikin wucewa zai tsaya ya karkata kai, ya ce, "Malam, keken nan naka tari yake yi. Yaushe rabonka da ba shi mai?" Da kunne yake aiki. Kafin ya buɗe keke ya riga ya ji inda ciwon yake.

Igbo ne, Kirista, duk Lahadi shi da matarsa Monica suna coci, bai taɓa ɓoye wannan ba. Amma a Sabon Gari aka haife shi, kuma a zauren gidan su Alhaji Kyari ya yi rarrafe, don ubansa da uban Kyari rumfarsu ɗaya a Fagge, ɗaya na ɗinki ɗaya na gyara. Su Kyari mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano. Yaran nan biyu, babu Bakane a cikinsu, suka tashi da Kananci a baki kamar a cikin badala aka yanke musu cibiya. Eze ma ya fi. In ya yi sallama daga waje, matan gida mayafi suke jawowa, su ce wani dattijon unguwa ne. In teloli biyu suka yi rigima shi ake kira, don ya san inda ake ajiye magana ta zauna. Ba ya alfahari da gida, haya yake yi. Ba ya alfahari da mota, bai taɓa saya ba. Bakinsa kawai yake da shi.

Alhaji Kyari yana da 'ya, Ruwaida, wadda ta karanta harkar fim a jami'a. Wata rana ta same su a shagon yadin ubanta suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa.

"Baba Eze," in ji ta, "shiri nake so in yi a kanku, kai da Baba."

"Mu? Wa zai zauna kallon tsofaffi biyu, ɗaya ma babu haƙori?"

"Haƙorina talatin," in ji Kyari.

"Har da na cikin aljihu."

Ruwaida ta yi musu bayani. Ba fim ba ne irin na da. Kashi ɗaya ake yi na gwaji, a kai shi bikin baje kolin shirye-shirye a Abuja, inda masu gidajen talabijin suke zuwa dubawa. Wanda ya yi musu, sai su ce a ci gaba da shi. Kuma sharaɗin bikin, abu ɗaya a fitar da shi kala uku: na talabijin, na rediyo, da guntaye na kallo a waya.

"Wato yadi ɗaya, a fitar da riga da wando da hula," in ji Eze.

"Haka ne, Baba."

"To ki auna da kyau."

Kwana uku suka yi suna ɗauka a shagon. Aka maƙala wa Eze ɗan abin ɗaukar magana a wuyan riga, aka ce ya manta da kyamara. Ya manta kuwa. Suka yi ta zolayar juna, suka ba da labarin Kantin Kwari tun ba ta cika ba. A rana ta uku Ruwaida ta tambayi Eze labarin lokacin yaƙin basasa.

Eze ya daɗe yana murza sukundireba a hannu. Sannan ya faɗi abin da ko Monica bai taɓa gaya wa ba. Yana ɗan shekara takwas aka cusa su a jirgin ƙasa aka kai su ƙauyen ubansa. Can yara suka sa masa suna ɗan Hausa, don Igbonsa a karye yake. Uwarsa takan mintsine shi in ya yi Hausa, ta ce zai jawo musu. Ƙanwarsa Chidinma, 'yar shekara biyar, ita ba ta iya komai ba sai Hausa. Da yunwa ta kwantar da ita, shi kaɗai take yi wa magana, a hankali, don kar a ji. Abin da take tambayarsa kullum, yaushe za su koma gida. Can aka binne ta. Shi ya dawo bayan yaƙi, kuma da ya sauka a tashar Kano ya ji mai dako yana zagin wani mai dako, sai ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka, don ya ji maganar gida.

Da ya gama, mai kyamara ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Kyari ya cire hula ya mayar.

Ruwaida ta tafi Abuja da shirin. Abin da ya faru can, daga baya aka sani. Kafin a nuna wa jama'a, akwai masu tacewa. Wani babba daga wani gidan talabijin ya saurari na rediyon, ido a rufe. Da ya buɗe ya ce, "Ina Igbon? Ni Kanawa biyu na ji. Mai sauraro a mota ta yaya zai san wane ne wane? In ba a ji bambanci ba, babu shiri." Ya ce ta gyara cikin mako biyu, ko a ba wani gurbinta. Kuma murya ɗaya za a ji a rediyo da talabijin da waya.

Sau biyu ta zo wurin Eze a cikin makonnin nan. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Mama Monica, ta zauna tana wasa da bakin mayafi. Ya ce, "'Yata, akwai magana?" Ta ce babu, gaisuwa ce. Kunya ta hana ta. Mutumin da ya saya mata takalmin shiga firamare, ta yaya za ta dube shi ta ce Hausarsa ta yi kyau da yawa? Shi kuma ya ɗauka gajiya ce, har ya ce ta riƙa cin abinci.

Shirin ya shiga, har ya burge. Bayan wata biyu masu bikin suka kawo zaɓaɓɓun shirye-shiryen Kano, za a nuna a zauren wani otal a Sabon Gari, ranar Asabar da azahar. Eze ya sa aka ɗinka masa farin kaftani. Monica ta gayyato matan cocinsu. Teloli suka rufe shaguna, wasu tun daga Kwaciri da Rijiyar Lemo, aka ciko adaidaita. Aka zaunar da shi a layin gaba kusa da Kyari. Ya hango Ruwaida can gefe, ya ɗaga mata hannu. Ba ta dubo ba.

Aka fara da na wasu, wani a kan masu ƙwallo, wani zane mai motsi. Sai ga shagon Kyari a bango, ƙato, har ana ganin zanen atamfa. Kyari ya yi magana, muryarsa ce. Sai ga fuskar Eze. Bakinsa ya buɗe, wata murya ta fito.

Ba tasa ba ce. Siririya ce, mai tsalle, irin wadda 'yan wasan barkwanci suke yi in za su kwaikwayi Igbo ɗan kasuwa, ana jan kalma ana karya ta, kowace magana da "aboki" a gaba da baya. Zaure ya fashe da dariya.

Eze ya waiga, ya ɗauka na'urar ce ta haɗa da wani shirin. Mutum ne mai kunne, ya jira a gyara. Sai ya lura muryar tana bin leɓensa daidai, inda ya tsaya ta tsaya, inda ya yi tari ta yi. Aiki ne aka zauna aka yi da kyau.

Maganarsa ce, ba a canza labarin ba. Shi ya sa ya san abin da ke tafe. Ya ga hannunsa a bango yana murza sukundireba. Muryar ta kai kan Chidinma, ta ce, "Ita yana tambaya ni, aboki, yaushe mu tafi gida." Baƙin da suka zo daga Abuja da samarin baya suka sake kecewa. Ba mugunta ba ce, an saba musu in aka ji wannan murya dariya ake yi. Telolin Fagge dai babu wanda ya motsa. Monica, wadda sai a ranar ta fara jin yadda ƙanwar mijinta ta rasu, a cikin wannan murya ta ji shi.

Kyari ya yunƙura zai tashi. Eze ya danne masa gwiwa.

"Zauna. Taron 'yarka ne."

Da aka kunna fitila aka yi tafi, aka ce Baba ya miƙe a gan shi. Ya miƙe. Mai gabatarwa ya miƙo masa makirufo, yana murmushi, ya ce, "Oga, yi mana irin ta cikin shirin mana." Eze ya dubi makirufon, ya sunkuyar da kai kaɗan alamar godiya, ya zauna.

A bakin ƙofa Ruwaida ta tare shi, ta durƙusa har ƙasa a gaban mutane.

"Baba, ka yafe min. Cewa suka yi ba a gane kai Igbo ne."

"To yanzu an gane?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya sake tambayarta.

"Wa ya yi maganar?"

"Wani ɗan wasa ne, Baba. Bahaushe ne."

"Bahaushe." Ya jinjina kai. "Shi aka ba maganata ya lalata, ni ba a tambaye ni ba. Ruwaida, sau biyu kika zo. Da kin faɗa min, da na ce ki cire wurin Chidinma, sauran ki yi yadda kike so. Wurin nan kaɗai."

"Na ji kunya, Baba."

"Na sani. Tashi, kina ɓata zaninki."

Da abin ya tsaya a zauren, da da sauƙi. Amma akwai hular, guntayen nan na waya. Kafin mako ya zagayo sun shiga ko'ina. Ranar Litinin ya tsallako Fagge da jakarsa kamar kullum, wani mai adaidaita ya rage gudu ya leƙo, ya ce, "Aboki, yaushe mu tafi gida?" Fasinjoji suka yi dariya. A Kantin Kwari masu dako suka ɗauka. Wanda bai san shi ba, in ya ji ya yi Hausa sosai, sai ya ce, "A'a, Baba, ashe ka iya. Yi mana waccan dai." Mutumin da ake kira rabon rigima ya koma wanda ake tsayarwa a ɗauki hoto da shi.

Gidan talabijin ya karɓi shirin. Kashi na gaba ba su nemi Eze ba, ɗan wasan nan suka ɗaura wa zani suka ba shi jaka. Kyari ya ce shi ma ba da shi ba, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar 'yarsa. Eze ne ya aika masa cewa ya bari, yarinya ce, matsa mata aka yi. Amma da kansa bai zo ya faɗa ba. Tun daga ranar mai adaidaitan nan bai ƙara tsallako titi ba. Ya kafa teburi a ƙofar gidansa a Sabon Gari, mai son gyara ya cire kan keke ya kai masa. In ka je zai amsa gaisuwa a taƙaice, ya nuna maka benci, ya yi aikinsa. Babu zolaya, babu keken da ke tari. Da baƙi kuwa guntun Turanci yake yi, wanda bai ma iya sosai ba.

Ana nan Ruwaida ta kawo masa memori, ta ce ainihin maganarsa ce ta kwana ukun nan, ba a taɓa ta ba. Ya karɓa, ya ce ta gaida gida. Monica ce ta sa masa a 'yar rediyonsa. Wani lokaci yakan kunna ƙasa-ƙasa yana aiki.

Rannan wani tela, sabon zuwa daga Rijiyar Lemo, ya kawo kan keke. Yana zaune a benci ya ji muryar tana ba da labarin tashar jirgi da mai dako. Ya matso da kunne, ya saurara har ƙarshe.

"Oga, wace tasha ce wannan? Dattijon nan ya iya magana. Irin Kanancin nan yanzu sai an tona. Wane ne?"

Eze ya zura zare a allura, ya juya keken da hannu, ya karkata kai yana sauraron ƙararsa.

"Wani ɗan Fagge ne," in ji shi. "Ya tashi daga unguwar."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.