Matar da ta koya wa Nana karatu daga bakin ƙofa

Anti Rabi ta rasu.

Da safen nan mijinta ya kira maigidana, ina kicin na ɗora ruwan shayi. Salatin da na ji ya yi a falo ne ya gaya min. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban zuba shayin ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Rabi, Maman Ummi, malamar firamare ce a Zariya kafin ta biyo mijinta da ya zo karatu nan Kuala Lumpur. Bene ɗaya muke a unguwar Setapak, ita tana samanmu. Korona ce ta kwantar da ita, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Ba za a bar mu mu yi mata wanka ba, ba kuma zaman makoki.

Addu'a na zo nema mata, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Da aka sa dokar kulle aka rufe makarantu, dukanmu muka zama malaman dole. Guruf ɗinmu na matan Arewa ya koma kasuwar foniks, wato koya wa yaro karatu ta sautin harafi. Wannan ta ce na Ingila ne kawai na gaske. Waccan ta ce na Amurka, mai bidiyo da waƙa. Wata ta ɗoro hoton akwatin da aka kawo mata, ta jere littattafan a kan gado, sai ka rantse lefe ne. An daina maganar yara tuni, nuna isa ake yi.

'Yata Nana tana shekara shida a lokacin. A makarantarsu an saba mata da haɗa gaɓa irin ta Malay. Malamin Islamiyya yana yi mata nasa ta waya. Ga kuma na Ingila wannan makon, na Amurka mako mai zuwa, duk wanda aka yaba a guruf. Yarinya ta rikice. Da ta ga na ɗauko littafi sai ta shige ƙarƙashin tebur ta ce cikinta na ciwo.

Na kai kukana guruf, don a tunanina 'yan'uwa ne. Wata baiwar Allah, ba zan kira suna ba, ta san kanta, ta rubuta a gaban kowa cewa in kai Nana a duba ƙwaƙwalwarta, ai ɗanta bai kai ta ba amma yana karatu tiryan-tiryan. Wasu suka bi ta da gaskiya ne. Magana ta yi ƙafa har ta kai Kano wajen kakar Nana. Maigidana ya fara tambayar inda ake ganin likitan irin wannan. Yarinya lafiyayyiya, ana nema a liƙa mata abin da zai bi ta har girma.

Ranar Anti Rabi ta kira ni. Ba ta tambayi wane littafi na saya ba, cewa ta yi in ba Nana waya. Suka yi ta hirar kyanwar da ke kwana a wajen ajiye motoci, tana cusa mata tambaya cikin wasa. Da ta gama ta ce:

"Maman Nana, lafiyar yarinyar nan ƙalau. Malamai huɗu kuka tara mata a kai ɗaya. Ki zaɓi guda, ki kulle sauran a kwaba."

Na ce to wanne ya fi? Ta yi dariya ta ce in zuba su a leda in rataya mata a ƙofa. Washegari ta dawo min da wanda na fi rainawa, ba bidiyo, ba waƙa, hotunan ma ba kala. Ta ce abin da ake dubawa shi ne, ya fara da sauti, ya tafi daki-daki, kuma kada ya jefo wa yaro kalmar da bai riga ya san sautukanta ba. Sauran duk ado ne na jan hankalin iyaye.

Dokarta ɗaya ce, ta ce a makarantar allo ta koye ta: ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Ba sabon sauti sai na jiya ya kama. Ko sati za a yi a kan harafi ɗaya, a yi.

Kwalin madara take yankawa ta rubuta haruffa da alƙalamin maka. Ta sauko ta rataya ledar a marfin ƙofarmu, ta ƙwanƙwasa, ta ja baya har bakin lif da takunkuminta a fuska. Nana ta tsaya a ƙofa tana ɗaga kati tana faɗa, ita kuma daga can tana cewa madalla, malama ƙarama.

Ledar ba ta taɓa zuwa da kati kaɗai ba. Yau alkaki, gobe ɗan dambu. Da kukar miyata ta ƙare, ba jirgi ba mai zuwa, ta raba tata biyu.

Wata rana ta rubuta a guruf, cikin ladabi, cewa a daina canja wa yara tsari kowane mako, a kuma daina gwada ɗan wani da na wani. Wallahi da kun ga abin da ya biyo baya. Aka ce nan ba firamaren gwamnati ba ce. Aka ce hanyar ƙauye ce, yankan kwali a Malaysia. Mai riƙe da guruf ta goge saƙon, wai ba a son lacca. Na fara rubuta musu amsa mai zafi, sai ga kiranta, ta ce in goge, yaran ne abin tausayi ba ita ba.

Kuma waɗannan matan dai su ne suka riƙa lallaɓowa ta bayan fage da akwatunansu suka gagara. Ba wadda ta kora. Ta naɗa musu murya, ta yanka musu kati, ta saurari 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Da yaran suka fara karatu aka ɗora bidiyo a guruf ana yi wa akwati godiya. Ko sau ɗaya ban ga sunanta ba.

Da ta kwanta ciwo fa? Aka fara raɗe-raɗin ai dama, mai yawon ƙofa-ƙofa. Ƙofofinku take zuwa, bayin Allah, don 'ya'yanku. Mijinta da Ummi suna killace a ɗaki, ban da ni, wata tsohuwa 'yar Malay ta ƙarshen layinsu ce ke ajiye musu abinci a bakin ƙofa. Ba ta jin Hausa, ba ta cikin guruf ɗinmu.

Yau kuma na buɗe waya, sitatus duk hawaye. Uwarmu, malamarmu, mun yi rashi. Wadda ta ce a duba ƙwaƙwalwar 'yata har ta tambaya ko akwai mai muryoyin da marigayiya ta naɗa, a turo mata kada su ɓace. Gawa tana asibiti ba a ma sallamo ta ba. Haba. Tsakani da Allah, ina kunya?

Ku yi kukanku, ban hana ba. Amma ku faɗi gaskiya a kanta ko sau ɗaya, ku ce ita ta koya wa 'ya'yanku.

Ganina da ita na ƙarshe a bakin lif ɗin nan ne. Tana ɗan tari, ta ce sanyin iyakwandishan ne, amma ta ƙi matsowa ko taku ɗaya. Na yi mata ƙorafin Nana na karanta kati amma ba ta taɓa ɗaukar wani abu ta karanta don kanta ba. Ta ce:

"Kar ki yi mata gaggawa, Maman Nana. Tana tafe."

Lif ya buɗe, ta ɗaga min hannu.

Ban gaya wa Nana rasuwar ba. Na ce sai ta ci abinci, sai na samu bakin magana. Ina zaune ina wannan rubutun ta zo ta ɗora haɓa a kafaɗata. Sai ga saƙon ƙanwata daga gida ya faɗo saman waya. Kafin in kauda, ta sa ɗan yatsa a ƙarƙashin layin, ta bi shi sauti bayan sauti, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa koya mata karatun Hausa: Allah ya jiƙan Anti Rabi.

Ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni da Turancinta ko irin Allah ya jiƙan da ake yi wa kakanta ne.

Na ce mata eh.

Ya Allah, ka ga abin da baiwarka Rabi ta yi wa 'ya'yan mutane ba tare da an gode mata ba. Ka biya ta da kanka. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta a ƙasar da ba tata ba, ka karɓe ta cikin shahidai. Ka raya Ummi, ka ba mahaifinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Na Setapak kuma, mijinta da Ummi har yanzu suna killace, kuma ƙofar tana nan.