Ɗanladi Mai Dashe

Duk wanda ya zauna a Bagama ya san Ɗanladi mai dashe. Shekara ashirin da shida ke nan yana sammakon shiga motar Abuja, ya haƙa rami, ya dasa itace, ya ba shi ruwa, ya dawo Suleja da yamma wandonsa kaca-kaca da jar ƙasa. Katangarmu ɗaya da shi, saboda haka na sha labarin itatuwa har na ƙoshi. In ka tambaye shi iyali zai ce maka lafiya lau. In kuwa ka yi gangancin tambayar aiki, to ka nemi wurin zama.

Mutum ne mai wadatar zuci, abu ɗaya kawai ke ci masa rai. Yayarsa Fatsuma, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, aure ya kai ta Zariya, kuma ita malamin makaranta ta so ya zama. A wurinta dashe ba sana'a ba ce, leburanci ne kawai. In aka tambaye ta abin da ƙanenta ke yi, sai ta ce yana Abuja, ta sauya zance. Maganar ta dawo kunnensa. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba, ni dai ya faɗa mini ya fi sau goma: "Taufiq, so nake Yaya ta gani da idonta, ko sau ɗaya ne."

Bara, da hutun Disamba, ana tsakiyar sanyi, sai ga ta da jikokinta uku. Kwana biyu aka yi ana zaga dangi, yau Maje gobe Izom, ana dawowa da doya cike da but ɗin mota. Rana ta uku aka ce sai Abuja. Ni ne direba, don ni ke da tsohuwar bas. Luba matar Ɗanladi ta cika kula da dafa-duka, muka kama hanya.

Mun tsaya an yi hoto da Dutsen Zuma. Mun ratsa ta ƙofar birni, mun yi azahar a babban masallaci, inda Fatsuma ta ɗaga kai tana kallon hasumiya har mayafinta ya zame. A tafkin Jabi yara suka nace sai an shiga jirgin ruwa, ta ce ita da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta koma. Duk wannan yawo Ɗanladi bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai murza hula yake a gwiwa.

Da muka fito, ya ce a hankali, "Taufiq, karya dama."

Wani titi ne da ba wanda ke zuwa kallonsa, ofisoshi ne kawai da masu gadi. Amma maɗaci ne jere dama da hagu, rassan sun haɗe ta sama, har sai da na cire tabarau. Ya sa na tsaya gindin wani karkatacce. Yaran suka fara gunaguni, wai ina abin kallon.

Wata mai gasa ayaba a wurin, Madam Patience, ta washe baki. "Baba mai itace! Ka zo duba yaranka?"

Fatsuma ta dube ta, ta dube shi. "Waɗanne yara?"

"Waɗannan, Yaya," in ji shi. "Tun daga shataletalen can har ƙarshen titi, ni na dasa. Wannan kuwa mota ta buge shi yana ƙarami. Oga ya ce a cire, na roƙa aka bar min. Na ɗaure shi da sanda da roba, wata huɗu ina ba shi ruwa da jarka."

Fatsuma ta buɗe ƙofar bas. Ta sauko, ta zaga itacen, ta gwada rungumarsa hannuwanta suka kasa haɗuwa. Ta tsaya tana kallon waɗanda ke ƙarƙashinsa: mai gyaran takalmi, direbobin tasi biyu suna gyangyaɗi, wata mai jego tana jiran mota. Ni dai na zuba ido, don na san bakin Fatsuma.

"Guda nawa ka dasa a garin nan?" in ji ta.

"Na daina ƙirga tun a dubu biyu."

Ta ce wa Luba ta shimfiɗa tabarma, a nan za a ci abinci. Muka zauna, aka zuba, yara suka manta da gunaguni. Sai da ta wanke hannu sannan ta juyo kansa, da faɗa kamar yadda ta saba.

"Kai ma da laifinka, Ɗanladi. Shekara ashirin da shida ka bar ni ina jin kunyar abin da ya kamata in yi alfahari da shi? Allah Ya yi maka albarka. Da Inna na raye, da yau ta yi kukan daɗi."

Ɗanladi ya miƙe zumbur, wai zai duba tayar baya ko ta yi sanyi. Tayata lafiyarta ƙalau, amma na ƙyale shi. Ya daɗe tsugune a can.